Likitan Gazuwal a Hanyar McLeansville

Allah ya yi wa garin Greensboro na Amirka baiwa iri-iri, amma babu kamar Injiniya Alhaji Zabeirou, wanda ya naɗa kansa Likitan Gazuwal. Gazuwal shi ne man dizal a bakin mutanen Nijar, kuma a faɗar Alhaji babu injin da ke shan sa wanda bai san ciwonsa ba. Shekara tara ya yi a kamfanin ma'adinai a Arlit. Duk babbar motar da ta shiga kamfanin sai da ta bi ta hannunsa, wannan gaskiya ne, domin shi ne mai ɗaga ƙarfen ƙofa. Yanzu yana filin golf a Sedgefield, yana wanke 'yan motocin lantarki da ba su taɓa jin warin mai ba. Wurin da yake ajiye bokiti shi yake kira sashen fasaha.

Bara ya yi walimar cika shekara ashirin a Amirka, ya raba hankici ɗari biyu, kowanne da hotonsa riƙe da sifana. Nasa na aljihu ne kaɗai aka yi wa baki da zaren zinare, don kada a haɗa shugaba da talakawa. Jama'a sun yaba ƙwarai. Hankicin yana goge gilashin mota da kyau.

Babban iliminsa guda ne: ba a zuba wa mota mai sai an tace. A gida, inda ake sayen mai a kwalabe a bakin titi, direba mai hankali yana shimfiɗa ƙyalle a bakin tanki. Alhaji ya ɗauko wannan al'ada ya tsallako teku da ita, kuma shekara ashirin da ɗaya ba su isa su raba shi da ita ba.

Ranar Babbar Sallah gidaje biyar suka haɗu za su yi yanka a wata gona a McLeansville. Motar ɗauko nama ta Hajiya Hamsatou ce, tsohuwar akori-kura mai dizal da maigidanta ya rasu ya bar mata. Hajiya shekararta goma sha ɗaya tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta. Ragonta na cikin biyar ɗin, layyarta ta farko da guminta, har ta riga ta faɗa wa maƙwabta wanda zai sami cinya da wanda zai sami haƙarƙari.

A gidan mai, bayan an sauko idi, Alhaji ya karɓe tiyon daga hannunta.

"Hajiya, man Amirka a ido ne kawai yake da tsabta. Mu da muka yi Arlit mun san abin da ke ciki."

Ya cusa hankicinsa a bakin tanki, ya matsa. Sai waya ta yi ƙara, wani ya ce "Injiniya" daga can. Maganar da aka fara da wannan suna tana bukatar hannu biyu, ɗaya na waya, ɗaya na nuni. Da ya juyo babu hankici. Ya ce iska ta ɗauke. Ranar ko ganye bai motsa ba a duk Greensboro.

Ƙarfe ɗaya na rana aka fito daga gona, raguna biyar a feɗe cikin tamfol, da buhun ƙanƙara biyu suna fama da zafin Yuni. Ba a yi nisa ba motar ta yi tari ta mutu. Aka jira minti biyar, ta tashi lafiya lau, ta ɗan taɓa tafiya, ta sake mutuwa. Alhaji, wanda ke biye a motarsa tare da Malam Yahya, mutumin zangon Kumasi, ya fito yana naɗe hannun riga. Bai taɓa samun goron Sallah mai daɗin wannan ba.

Malam Yahya ya ce, "Alhaji, mu juye naman a motarka mana, tun rana ba ta ci shi ba."

"Jini a kan kujerun fata? Kuma likita ya gudu ya bar mara lafiya a titi? Bon, ya isa. Ku matsa."

Ya kafa kunne a jikin injin don ya ji numfashinsa. Injin ya ƙona masa kunne, ya ce alama ce mai kyau. Ya yanke hukunci filta ce, matatar mai, ta toshe. Aka kwance filta, aka same ta fes, domin Hajiya makon jiya ta sauya ta. Ya ce wannan ya tabbatar da zarginsa, iska ce ta shiga layin mai. Ya bi nozul takwas masu fesa mai cikin injin yana sassautawa, yana sa Hajiya ta murza makulli, har batir ya fara nishi. Daga nan ya cire tiyon da ke kawo mai daga tanki, ya sa a baki, ya tsotsa. Kumatu suka lotsa, idanu suka fito, hula ta faɗi. Ko ɗigo bai zo ba.

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya fuskanci taron mutum biyu da raguna biyar.

"Wala, shi ke nan. Babban famfo ne ya mutu. Irin wannan ciwo mutum uku ne suka san shi a Afirka ta Yamma, biyu sun rasu."

Hajiya ta ce, "Alhaji, tiyon da ka tsotsa daga tanki ya fito. Tunda mai bai zo ba, ba can baya matsalar take ba?"

"Hajiya, tuƙi daban, sani daban. Ki koma inuwa."

Ta koma inuwa, saboda Alhaji abokin marigayi ne kuma ya girme ta. Ƙarfe uku ta yi. Ƙanƙara ta zama ruwa tana ɗiga a kwalta. Ƙudajen McLeansville suka aika wa danginsu. Sama kuma ungulaye huɗu suka fara zagaye, su ma sun zo yawon Sallah. Hajiya ta ɗaga tamfol, ta shaƙa, ta rufe. A nan girmamawa ta ƙare.

Ta jawo jarkar dizal da take ajiyewa a bayan kujera, ta ɗaure nozul ɗin da Alhaji ya sassauta, ta sa wani dogon tiyo daga injin zuwa cikin jarka ta taga. Ta murza sau uku, injin ya kama, ya ci gaba da aiki daram.

"Alhaji, shigo ka riƙe min wannan. Kada ka karkata ta."

Haka Likitan Gazuwal ya shigo gari a kujerar fasinja, rungume da jarka, farar shaddarsa tana shan mai a kowane rami. Nama ya tsira. Kayan ciki na gidaje biyar kuwa sai kwandon shara, har da hantar da Hajiya ta yi niyyar fara ci. Kafin magariba Alhaji ya sanar da duk wanda ya zo barka da Sallah cewa ya ƙirƙiro sabuwar dabara, sunanta sistem jarka.

Ranar Asabar Hajiya da Malam Yahya suka sauke tanki a ƙofar gidanta. Ba a kira Alhaji ba, don haka ya zo da wuri, ya kuma taho da 'yan kallo.

"Ku tsaya kusa," in ji shi. "Wani sakarai ne ya yi wa motar nan aika-aika. Yau za ku ga mai laifi da idonku."

Malam Yahya ya zura waya mai ƙugiya, ya jawo wani jiƙaƙƙen ƙyalle da ya naɗe bakin bututun da ke zuƙar mai. In injin ya ja, ƙyallen ya toshe, in ya mutu, ƙyallen ya saki. Malam Yahya ya matse shi, ya shimfiɗa a kan bonet. Ga Alhaji nan a jikin ƙyallen, da murmushinsa da sifanarsa.

Alhaji ya gyara murya. "Ɗari biyu na raba. Kowa na da shi."

Hajiya ta ɗaga gefen hankicin da yatsa biyu, zaren zinare ya yi walƙiya a rana.

"Gaskiyarka, Alhaji. Amma dai ka cika alkawari, mun gan shi."