Ranar da Ruwan Bula Ya Tona Min Asiri

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, amma ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a shekarun tamanin ba. Lokacin ina ɗalibin kwalejin horon malamai, an tura ni gwajin koyarwa wata sakandare a Kakuri, ina koyar da labarin ƙasa. Ranar ce mai ba ni maki za ta zo, Madam Saratu, wata dattijuwa 'yar kudancin Kaduna da ba wanda ya taɓa ganin dariyarta. In ta kayar da kai sai ka maimaita shekara, ni kuwa na riga na cika Unguwar Mu'azu da labarin bana zan gama.

Don neman suna, sai na zaɓi darasin da ya fi ƙarfina: yadda ruwan sanyi, saboda nauyinsa, ke nutsewa can ƙasan teku, ya kwarara ta mashigi, wato ƙuntataccen wuri tsakanin tudu biyu. (Ni da iyakar ruwan da na taɓa gani kogin Kaduna ne, shi ma daga kan gada.) Na aro akwatin gilashi a ɗakin kimiyya, na jera duwatsu biyu a ciki na bar 'yar kafa a tsakani, na cika shi da ruwa. A gida na gwada da ruwan randa da na kaɗa wa bular wanki, na zuba a hankali, shuɗin ruwan ya bi ƙasa ya wuce kafar a miƙe. Nan take na rubuta a littafin darasi cewa wannan ruwa ba ya sauya hanya, ba ya sauya gudu, har abada.

Ranar Laraba sai rawar kai ta kama ni. Na ce ruwan randa ya yi kaɗan a gaban Madam, na sayo ƙanƙara na jiƙa bular har tana ƙone hannu don sanyi. Na rubuta jimlar nan tawa a allo, na sa 'yan aji suka maimaita ta sau uku da ƙarfi, sannan na ɗaga jug na tuttula gaba ɗaya.

Ruwan ya bi ƙasa, ya shiga kafar, sai ya fara lanƙwasa. Ya karkata dama, ya dawo hagu, ya tsinke ya zama 'yan dunƙule suna juyi. Can ya yi gudu, can ya lafa. Ga jimlata a allo da manyan baƙaƙe, ga gumi yana bin bayana.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Idona ya faɗa kan Godiya, wata ɗaliba mai shiru da ke bencin gaba.

"Ke! Ke kika girgiza tebur. Fito ki durƙusa!"

"Sa, wallahi ban taɓa ba."

"Ƙarya nake yi ke nan? Fito!"

Ta fito ta durƙusa a kan siminti, idonta ya ciko. Madam Saratu ta rufe littafinta ta ce, "Malam, akwai sauran ruwan? A sake mana. Kowa ya ja baya, har kai in ka gama zubawa."

Na sauya ruwa, na zuba, na ja baya ina addu'a a zuci. Shuɗin ruwan nan ya shiga kafar, ya sake lanƙwasa, ya yi juyin da ya fi na farko kyau.

"To, Malam," in ji ta, "yanzu wa zai durƙusa?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ta ɗaga Godiya da hannunta, ta karɓi allin hannuna ta shafe jimlata. Ta gaya wa ajin cewa abin da suka gani shi ne gaskiyar teku. Ruwan sanyi in ya matsu a mashigi ya ɗauki gudu, yana gogar ruwan da ke samansa, sai ya yi ta karkacewa yana tsinkewa, yau da ƙarfi gobe da rauni, shi ya sa masana ke shekaru suna auna shi. Wato gwajina ya yi daidai, ni ne kawai ban gane ba. Ina tsaye a gefe da jug a hannu kamar mai sayar da kunu.

A ofis ta ce rashin sani ba ya kayar da ɗalibi a wurinta, amma ɗora wa yarinya laifi don a rufa wa kai asiri yana kayarwa. Zaɓi biyu ta ba ni: in maimaita shekara, ko in ba Godiya haƙuri a gaban ajin.

Na koma na tsaya gaban yara arba'in, na ce na zalunce ta, ta yafe min. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Sa." Wannan "ba komai" ta fi mari zafi.

Na ci jarrabawar da ƙyar. Tun daga ranar, duk sanda abu ya ƙi bin abin da na rubuta, rubutun nake fara tuhuma kafin in ɗaga ido in dubi ɗan wani.