Ranar da Na Yi wa Hajiya Wanka Saboda Ganye

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ba, ko na so ma 'yan layinmu a Chanchaga ba za su bar ni ba. Wai a kan ciyawa na haukace. Ciyawa! Ganyen adon da na raina tun yana ɗan reshe a gwangwanin madara, ja a tsakiya kamar an sa masa lalle. Ni na zuba masa takin kaji, ni na ja tukwanensa inuwar mangwaro kada rana ta ƙona shi, da rani har ruwan wankana nake rage masa.

Sai wani hannu ya tsiro da tsallako gajeriyar katangarmu yana karye min rassa. Na kai ƙara wurin Mama, ta ce, "Ke dai kin cika fitina. Abin da ba ya fure, ba a miya da shi?"

Shi ke nan. Na tara ruwan wanke-wanke (har da manja da ɓarɓashin tuwo, ban tace komai ba), na laɓe. Hannu ya leƙo, ƙas! Na ɗaga bokiti na sheƙa ta saman katanga ina ihu, "Ɓarawo! Allah ya isa!"

"Innalillahi!"

Muryar Hajiya ce, mahaifiyar Yusuf, wanda aka sa mana rana da shi. Ta shigo tsamo-tsamo, mayafi na ɗigar manja, reshena a hannunta.

Mama ta danne kafaɗata. "Durƙusa, mara kunya!" Na durƙusa cikin laka, maƙwabta sun cika ƙofa.

"'Yata," in ji Hajiya tana sharce tuwo daga goshi, "ai cewa aka yi in an roƙa ba ya kamawa, sai an sata. Shi ya sa."

(Wato ganyen da nake yabawa a ƙofarta duk na je gaisuwa, nawa ne!)

Na ba da haƙuri har bakina ya bushe. Ba a fasa auren ba, sai dai dangin Yusuf yanzu "amarya mai bokiti" suke ce min. Kuma da reshen ta tafi, ko ajiyewa ba ta yi ba.

Na dai koyi leƙawa kafin in watsa. Amma wallahi ban huce ba. Bari a kai ni gidan, ɗaya bayan ɗaya zan kwashe abina daga ƙofarta. Ba roƙo zan yi ba, ina so ya kama.