Babin da Gara ta Cinye

Ranar har sabuwar hula na saya a Harlem, don zan je taron masoyan wani tsohon marubucin labaran yara. Yaya Binta ce ta karanta min littafinsa a Kano ina ƙarami, tana fassarawa, don haka gani nake duk New York ba wanda ya kai ni saninsa.

Farfesoshi na gama bayani na miƙe, na gyara hula. Na ce babin ƙarshe ya fi taɓa ni, inda uwar yaran da ta rasu ta dawo ta yi musu wanka.

Wata tsohuwa ta ce babu wannan babin. Cikin tausayi na sanar da ita cewa a bugun Amurka yanke shi aka yi.

Ina fita na kira Yaya. Ta yi dariya har da tari.

"Gara ce ta cinye ƙarshen. Kai kuma kullum kukan rasuwar Umma kake, me zan ce maka in ban ƙirƙiro wannan ba?"

Na sayi cikakken littafin, amma na kasa buɗe ƙarshensa. Ita kuwa har yau ko sallamata ba ta gama amsawa sai ta ce, "Farfesa, an samo babin?"