Rasuwar Barewa, Keken Yaya Jumare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, gwargwadon wanda ya samu, Sa'a 'yar Ɓoɗejo ta rugar hanyar Gitata take sanar da dangi da abokan arziki rasuwar Barewa, keken yayanta Jumare. Saura ƙiris ta fasa rubuta wannan sanarwa, domin ƙanwa ba ta ɗaga ido a gaban wanta, balle alƙalami. Sai ta tuna cewa da karsanarta aka sayi mamacin, wadda mahaifinsu ya ba ta ranar suna. Ashe ita ce mai gawa.

An haifi marigayin a ƙasar Turawa. Ya zo Keffi tare da wani Bature, wanda da zai koma gida ya kwashe har butar shayi amma ya bar shi. Ga mai hankali wannan ya isa ishara.

A shekarar da Yaya ya samu aikin yi wa likitan shanu tafinta, kullum sai ya shiga gari ya dawo, Dogara kukun Baturen ya jera masa kekuna biyu a Angwan Iya. Ɗaya baƙi ne mai kaurin ƙafa, da wurin ɗaura kaya a baya. Ɗayan siriri, ƙahonsa ya lanƙwasa ƙasa kamar na rago. Dogara da bakinsa ya gaya masa baƙin shi ne na hanyar ƙauye, siririn ba a yi shi don turɓaya ba. Yaya ya zagaya su kamar yana kara, kasuwar shanu, ya shafa ƙirji, ya duba ƙaho, ya ce baƙin ai jaki ne, shi kuwa ɗan Ɓoɗejo ba ya hawan jaki. Yadda ake zaɓen bijimi, haka ya zaɓi keke.

Shaida kan mamaci wajibi ce. Barewa mai ladabi ne, duk wanda ya hau shi sai ya duƙa kamar mai gaida surukai. Mai kunya ne, bai taɓa ganin yashi ya yarda ya shiga ba. Kaya kuwa bai ɗora wa kansa ba har ya bar duniya. Ƙwaryar nono guda Sa'a ta taɓa roƙo a kai mata kasuwa, aka ce Barewa ba ɗan dako ba ne. Da damina Yaya ke saɓa shi a kafaɗa su ƙetare rafi, masu tallan nono suna wuce su a ƙasa suna yi wa keken sannu da hawa.

Ba shi da yawan magana. Da safe yakan ce "ƙirrin-ƙirrin" don ruga ta san ya fita. Kafin a kai gonar farko ya taka ƙaya ya ce "fuuus".

Ya daɗe yana jinya. An yi masa faci a kan faci, da abin ya gagara aka cusa masa ciyawa a ƙafa, ya ci abincin shanu bai ba da nono ba. Ranar Alhamis a gangaren rafi ƙafarsa ta gaba ta gamu da dutse, ta naɗe kamar tsohon faifai. Kalmarsa ta ƙarshe ita ce "ƙwas". Ya tafi da haƙorin Yaya na gaba.

Ya rasu ya bar famfon iska, da ƙararrawa, da Yaya mai ciwon baya. Ya kuma bar saniya guda, mai ciki, wadda ita kaɗai ta rage wa Sa'a. Tun gawa ba ta huce ba Yaya ya ce ya ji labarin wani irinsa a Lafiya, har ya fi shi kyan ƙaho. Yana faɗa yana kallon saniyar. Sa'a ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da tatsa.

Za a yi jana'iza ranar Laraba a maƙerar Husaini, inda za a ga ko gawar za ta ba da ko da lauje. Babu zaman makoki. Mai son yin ta'aziyya ya tari Yaya a hanyar Keffi, zai same shi a ƙasa, yana iya takawa tare da shi.

Ƙararrawar ba ta cikin abin da za a kai maƙera. Washegarin rasuwar, kafin a saki shanu, Sa'a ta kwance ta, ta rataya wa saniyarta a wuya, ta kora ta zuwa garken Kawu Mijinyawa a Agwada. Har suka isa saniyar tana cewa "ƙirrin-ƙirrin", ba ta ce "fuuus" ko sau ɗaya ba.