Yadda Na Fitar da Tanimu Daga Gidan Yari

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikan Goggo Asabe ba, ko da kuwa na so in manta.

Lokacin ina aji uku a sakandare, shekarun da kuɗin mai suka shigo kowa yana sayen babur. Wani littafi ya fito da ya haukata 'yan makaranta, labarin wani saurayi Tanimu da ya baro ƙauye ya zo birni karatu. A gidanmu na Tudun Wada ni kaɗai ce mace mai boko, don haka kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma in karanta wa mata. Goggo Asabe, yayar babanmu, ita ce a gaba. Idan Tanimu ya kwana da yunwa, ranar ita ma da ƙyar take cin tuwo.

Wallahi na so littafin nan. Amma da na leƙa ƙarshensa (ina da wannan mugun halin har yau) sai na ga marubucin ya haɗa Tanimu da abokan banza, ya jefa shi gidan yari, wai don mu ɗauki darasi. Raina ya ɓaci. Yaron da muka sha wahala tare da shi tun daga ƙauye?

Ai kuwa ranar babin ƙarshe na kafa ido a takarda, na riƙa zubo nawa ƙarshen daga kaina. Na mai da shi likita, na ba shi mota, na kai uwarsa Makka. Har shafi nake juyawa. Goggo ta yi guɗa.

Da surukarta ta haihu, Goggo ta ce sunan yanka na liman ne, amma ita Tanimu za ta kira jikanta, kowa kuma ya bi.

Ranar suna gida ya cika. Cikin baƙi har da Malama Rahila daga Hanwa, ƙawar maijego, kuma malamarmu ta Hausa. Goggo ta miƙa mata jariri.

"Ga Tanimu. Na littafin nan naku. Allah ya sa ya ƙare yadda mai sunansa ya ƙare."

Malama ta kasa cewa amin. "Goggo, a gidan yari?"

"Wane gidan yari? Likita dai. Ke, zo ki faɗa mata."

Ina tsaye da tiren waina, mata sun zuba mini ido. Sai na ji bakina ya ce, "Malama, wataƙila naki tsohon bugu ne."

"Ai ni na ara miki shi," in ji ta.

Goggo ta karɓe jikanta, ta dube ni daga sama har ƙasa. "Wato duk guɗar nan da na yi, ke na yi wa?" Aka kwashe da dariya har maijego tana riƙe ciki. Daga ranar aka sauke ni daga karanta wa mata littafi, sunan kuwa ya riga ya bi yaro.

Har gobe ina nan kan bakana, nawa ƙarshen ya fi daɗi. Sai dai na koyi daina jayayya da marubuci. Tanimunmu ya girma, ya yi karatu, ya sami aikin gwamnati. Gandiroba ne, kullum da safe gidan yari yake tafiya.