Ranar da Na Yi wa Sojojin Otirish Jere

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Lyon ba, ko da na so mantawar, don jikata Hadiza ba za ta bar ni ba.

Yarinyar nan a bayana ta girma, a Aubervilliers, gefen Paris. Ni na yaye ta, ni na cika mata kunne da labarun yaƙin Damagaram, tana riƙe da zanena tana cewa, "Inna, ƙara!" Sai aiki ya ɗauke ubanta zuwa Vénissieux, gefen Lyon, ta faɗa hannun kakarta ta wajen uba, Hajiya Rabi, tsohuwar malamar lakwal, wato makarantar boko, mai tabarau da igiya a wuya. Ni Inna ake ce mini, ita kuwa "Mami", yadda Faransawa ke kiran kaka. (Mami! 'Yar Tahoua, kamar ba da fura aka raine ta ba.)

Da Hadiza ta kai shekara sha bakwai, duk kiran da na yi a waya zancen ɗaya ne: sojoji. Wasu 'yan mutum-mutumi ne da ba su kai ɗan yatsana ba, a shafa musu fenti, a baza su a tebur, a sake wani tsohon yaƙi da Faransa ta yi da wata ƙasa wai ita Otirish. "Inna, Mami ta san sunan kowane janar." "Inna, Mami ta ce kaza." Ni da nake da yaƙi a baki, an ƙwace mini jika da yaƙin roba.

Da na ji za a yi gasa a ƙungiyarsu ta masu wannan wasa, na ɗaura lafayata, na hau jirgin ƙasa tun daga Paris. Na ce yau sai na ga abin da Mami ta fi ni.

Tebur ne ƙato, da koren ƙyalle, da ɗan kogi, da 'yar gada. Hadiza ke riƙe da masu fararen kaya, na Otirish. Wani tsohon Bature mai gashin baki yana da masu shuɗi. Su auna da metir irin na tela, su jefa 'ya'yan ludo, su matsa da soja kamar taku ɗaya na tururuwa. Hajiya Rabi na manne da Hadiza, suna raɗa da Faransanci, suna dariya. Na gyara murya na ce, "Ai a Damagaram, in an zo gada..."

"Inna, dakata tukuna," in ji Hadiza. Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Da rana ta take aka tashi cin abinci. Hadiza ta ce, "Saura ƙiris in ƙwace gadar, Inna. Tsohon nan ba wanda ya taɓa cin sa." Hajiya Rabi ta kama hannunta, ta dube ni ta ce, "Hajiya, ki zauna ki huta ƙafafunki, za mu kawo miki." (Ƙafafuna! Watanni biyar kacal na ba ta.)

Aka bar ni ni kaɗai da tebur. Na duba, kai, ƙazanta! Farare cikin shuɗɗa, wasu a kwance, doki ya juya wa ɗan uwansa baya, ga auduga an yayyaga an watsa ko'ina. Na ce to, ga inda boko ya ƙare. Ni da duk Zinder ba a jeren ɗakin amarya sai an aiko mini, in bar jikata da wannan hargitsi?

Na naɗe hannun riga. Farare gefe guda, sahu-sahu, masu dogon hula a baya. Shuɗɗa ɗaya gefen. Dawaki a tsakiya, manyan bindigogi a kusurwa kamar tasoshi. Na tashi na kwance, na tsince audugar tas na ƙulle a gefen lafaya. Na koma na zauna ina jiran yabo.

Suka dawo. Tsohon Baturen ya dafe kai da hannu biyu.

"Inna," in ji Hadiza, "wa ya taɓa?"

"Ni ce mana. Kin gan su tsaf? Wasu kakannin kallo kawai suka iya."

Hajiya Rabi ta matso, a hankali ta ce, "Hajiya, inda kowane soja yake tsaye, shi ne wasan. Audugar hayaƙin bindiga ce. Na kwancen kuma matattu ne."

Na kwance gefen lafaya na miƙa musu hayaƙinsu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, matar nan ba ta yi dariya ba. Juyawa ta yi ta gaya wa Turawa cewa a ƙasarmu jere girmamawa ne, har suna gyaɗa mini kai. Da zagina ta yi da na samu abin ramawa.

Aka sake yaƙin daga farko. Tsohon ya riga ya gane dabarar Hadiza, ya tare gadar, ya cinye ta. A cikin taram, jirgin cikin gari, muna hanyar gida, ina ta lissafin jirgin da zai mayar da ni Paris ba sallama. Sai da muka kusa sauka na ji kafaɗarta na girgiza. Ta kifa kai a jikina, dariya har da hawaye.

"Tsohuwa, kin kashe ni! Janar nawa suka yi yaƙin nan, ke kaɗai kika tashi matattu."

Abin da na koya, kishi ba a zuciya yake tsayawa ba, hannu yake sauka. Yanzu in na je gasa, kujerata tana can nesa da tebur, kuma Hajiya Rabi takan ɗora mini jakarta a cinya, wai in taimaka in riƙe mata. Na san dalili sarai, amma ina riƙewa. Jakar ma ta fi tawa kyau.