Gilashin da ya gajarta surukina

Shekarar da aka samu 'yancin kai na sayi wata tsohuwar lori, ina jigilar hatsi tsakanin Ikara da Makarfi. Wata rana tsakuwa ta fasa mini gilashin gaba, sai na nufi Zariya neman sabo.

Mai shagon ya jingina mini guda biyu. Ya ce, "Wannan na kamfani ne, daga Ingila. Wancan kuwa a nan aka yanka shi, yana da araha, amma yana ɗan wasa da ido."

Na gyara hula na ce, "Malam, Turawa sun tafi. Gilashi gilashi ne, idona kuma garau yake." Har huɗubar kishin ƙasa na tsaya na yi wa 'yan shagon, sannan na sa aka ɗaura mini mai arahar.

Ranar kasuwar Makarfi na shigo ina ta danna oda, sai na hango wani guntun mutum ɓulɓul a kan hanya. Ban yi shakka ba, na ce taubashina Tanko ne. Na ɗaga murya, "Kai buhun gero, mirgina gefe mu wuce!"

Da na zo daidai shi na leƙa ta taga, sai ga surukina Malam Haruna, dogo siriri kamar karan dawa.

Na diro na durƙusa, ina rantsuwa cewa gilashi ne ya cuce ni. Tsohon ya buɗe ƙofar lorin. Ya hau gaban motar a natse, ya ƙare mini kallo ta gilashin, sannan ya ce, "Gaskiyarka. Kai ma daga nan kabewa ce."

Har yau in na shiga tasha sai wani ya ce, "Kabewa, yaya buhun geronka? A gaishe shi."